Jinjina ga Memori, Ma'aji Mai Riƙon Amana

A wannan zamani da bakin kowa yake a sake, waya na tona asirin mai ita, maƙwabci na tona na maƙwabcinsa, ya kamata a samu mai tsayawa ya yaba wa ɗan abin da ya rage mai kame baki. Na duba gabas da yamma ban ga ma'aji irin katin memori na kyamara ba. Ɗan mitsitsi ne, tsawonsa milimita 32, faɗinsa 24, ba ya cin tuwo ba ya neman albashi. Amma ka ba shi ajiyar bikin 'yarka tun daga kamu har buɗar kai, zai riƙe maka ita riƙon da ko kai mai ajiyar ba ka isa ka karɓa ba. Sauran ma'aji ɓarawo kaɗai suke hanawa. Shi har mai kaya.

Ga mai hoto ya bi biki tun daga farkonsa. Ya sha turereniya a wurin kamu, an taka masa ƙafa a ɗaurin aure, ya hau kujerar roba a wurin dina don ya hango fuskar amarya ta saman ɗankwalayen ƙawaye. Duk wahalar nan tana cikin kati ɗaya. Ya dawo shago da dare, ya tayar da janareta, ya zare katin ya zura a laftof. Shiru. Ya zare, ya hura masa iska, ya goga a gefen riga, ya yi bisimilla ya mayar. Sai kwamfuta ta yi 'yar ƙara, ta buɗo ɗan akwatin saƙo cikin ladabi: wannan kati sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi, ko a yi? Maɓallin amincewa kuma shi ne na farko, kusa da hannu, don kada a wahalar da bawan Allah wajen nema.

Ina mai neman tarbiyya? Ya zo ya gani. Ɓarawo ba ya sallama, gobara ba ta neman izini, amma kwamfuta sai ta tambaye ka tukuna, ta yadda in an yi ɓarna da yatsanka aka yi ta. Ba ta kuma cika mutum da surutu. Maganar cewa komai zai tafi ba ta kawo ta a farko, sai can a akwati na uku, lokacin da hannu ya riga ya saba da danna "to".

Abin da ya faru a ciki ba tsafi ba ne. Katin kamar sito ne mai littafin shiga da fita a bakin ƙofa. Kowane hoto buhu ne, littafin kuma shi ke faɗin buhun wane na lungu kaza. Kwamfuta ba ta shiga sito ta lalube, littafi kawai take karantawa. In shafinsa na farko ya yage, sai ta ce ita ba ta san da wani kaya ba, a kawo sabon littafi. Buhunan kuwa suna nan jibge a inda aka ajiye su. Ko an yi fomat na gaggawa, yawanci littafin kaɗai aka sauya, kayan ba sa gushewa sai an zo da sabbin buhuna an ɗora a gurbinsu. Sai dai fomat cikakke na Windows, tun daga Vista, yana bin kowane lungu ya share, haka ma wasu kyamarori in suka yi nasu. To ka ga girman ma'ajin namu: kayanka na hannunsa, yana jin ka kana salati, bai ce uffan ba.

Ɗan babban gida ne, shi ya sa. Irin ƙwaƙwalwar da ke cikinsa, mai riƙe abu ko an ɗauke wuta, wani injiniyan Toshiba ne a Japan, Fujio Masuoka, ya ƙirƙiro ta a shekarun 1980. Shi kansa sai da ya kai kamfanin kotu a kan hakkinsa, aka yi sulhu a 2006 a kan yen miliyan 87. Ashe riƙe abin mutane gado ne a gidan. Shi kuwa katin namu, katin SD, an haife shi a 1999, iyayensa uku, SanDisk da Panasonic da Toshiba. Na fari bai wuce giga 2 ba. A 2006 aka samu ƙanensa SDHC mai kaiwa giga 32, a 2009 SDXC ya zo da nasa tsarin rubuta littafi, exFAT, yana iya kaiwa tera 2. Abin burgewa a nan shi ne tawali'u. Duk da bambancin arziki, riga iri ɗaya suke sawa, girma ɗaya, haƙoran zinariya iri ɗaya a baya. Don haka tsohon kad-rida, wato abin karanta kati, da aka saya zamanin giga 2 zai karɓi sabon kati hannu bibbiyu, ya shiga daram, fitila ma ta kama, amma ko sunansa bai sani ba. Tsohuwar kwamfuta mai Windows XP da ba a ƙara mata gyaran exFAT ba ita ma haka, sai ta ba da shawarar da ta saba bayarwa. Da a ce an bambanta musu siffa, mai hoto zai gane matsalarsa cikin daƙiƙa ɗaya, ya rasa damar zama har asuba yana koyon haƙuri.

Kamfanonin kyamara ma sun yi rawar gani wajen hana mu zaman banza. Sony ta fito da Memory Stick a 1998, Olympus da Fujifilm suka fito da xD a 2002, kowa da nasa rami, kada a ce wani ya shiga gonar wani. Wanda ya gaji irin waɗannan katuna a cikin durowar mahaifinsa yau sai ya zaga kasuwar waya shago-shago yana nuna su kamar mai cigiyar ɓatacce. Sai dattijon gidan, CompactFlash, na 1994, mai ramuka 50 da ke shiga kan allurai 50. Ka zura shi a karkace sau ɗaya, allura guda ta lanƙwashe a cikin kad-rida, daga nan duk katin da ya shiga sai a ce ya mutu. Sau nawa aka yi wa lafiyayyen kati jana'iza alhali mai karanta shi ne ba lafiya!

Akwai kuma ɗan makullin nan na gefe, wanda ake turawa ƙasa a ce an kulle kati. Ban san wani makulli da ya kai shi kyautata zato ba. Ba a haɗe yake da komai ba a cikin katin, ko zare ɗaya na lantarki bai taɓa shi. Roba ce kawai. Na'urar da aka zura katin a ciki ita ke shafawa ta ji ko an tura shi, sannan in ta ga dama ta mutunta. Da ya tsufa kuma sai ya saki jiki, garin zurawa ya zame da kansa, kyamara ta ce kati a kulle yake, ana tsaka da shigowar amarya. Nan za ka ga babban mai hoto, da kyamarar miliyoyi a wuya, yana roƙon a samo masa salatif.

Duk waɗannan ƙananan falaloli ne. Gwanin gwanaye shi ne ɗan uwansa da ake sayarwa a faranti a bakin tasha, ko a intanet da farashin da ke sa mutum murmushi shi kaɗai. An rubuta masa giga 128 da ruwan zinariya, kwalinsa ya fi na gaskiya sheƙi, a cikinsa kuwa wataƙila giga 8 ne. Masu baƙin ciki suna kiransa jabu. Ni mai karamci nake kiransa, domin bai taɓa ce wa baƙo babu wuri ba. An koya wa ɗan abin da ke tafiyar da shi ya riƙa faɗa wa kyamara da kwamfuta cewa shi 128 ne, su kuma ba sa musu. Ka yi ta ɗauka, yana ta karɓa. Giga 8 na farko suna shiga lafiya, kuma a nan ne yake sayen amanarka: ka gwada shi a shago da hoton mai shago, ya fito tas, ka ɗauki sa lalle da kamu, suka fito tas. Daga nan duk abin da ya biyo baya, ko dai ya zube a inda babu, ko ya zagayo ya hau kan na farko ya taka shi. Kyamara kuma tana nuna maka kowane hoto a fuskarta da zarar ka ɗauka, don a lokacin yana cikin ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, kai kuma kana gyaɗa kai kana cewa wannan ya yi.

Sannan ya iya rufin asiri irin na masu mutunci. Sunayen hotunan duk suna nan a jere, lamba bayan lamba, kowanne da girmansa da ranarsa da sa'arsa. Sai ka buɗe ka tarar da rabin fuskar ango a sama, ƙasa kuma toka-toka, ko kwamfuta ta ce ba ta san wannan irin fayil ba. Babu wata manhaja a duniya da za ta dawo da su, domin ba ɓata suka yi ba, tun farko ba su shiga ba. Wane ma'aji ne zai ba ka rasit cikakke haka a kan kayan da bai taɓa gani ba?

Jamusawa, da rashin kunyarsu, sun yi wata 'yar manhaja kyauta mai suna H2testw, wadda ke cika kati fal da rubutu sannan ta bi ta karanta ta ƙirga abin da ya zauna da gaske. Masu Linux da Mac suna da tasu, F3. Sa'o'i kaɗan take ci, ta fallasa bawan Allah tun kafin a kai shi biki. Wannan ai bincike ne, kuma bincike rashin yarda ne. Mu mutanen kirki ba ma yi. Iyakarmu mu tayar da jijiyar wuya a kan kati na gaskiya mai giga 64 da kwamfuta ta nuna 59.6, mu ce an cuce mu, alhali wannan saɓanin lissafi ne kawai: kamfani na ƙirga da 1,000, kwamfuta da 1,024. Mai gaskiya ya sha zagi a kan giga huɗu da 'yan kai, mai karamci ya wuce da 120 ana sa masa albarka.

Memori kuma ba ya ƙyamar mutane, akwai zumunci. Yau yana kyamara, gobe an zare ƙaraminsa daga cikin adafta an ara wa ƙane ya sa a waya, jibi yana shagon kwamfuta ana wanke fasfo. In wayar Android ce, tun daga ta 6 da ta fito a 2015 takan yi tayin mayar da kati ya zama cikinta. Ƙane ya danna "to", ta share shi, ta rufe shi da sirrin da babu kwamfutar da za ta karanta. A shagon kwamfuta kuwa, inda filas ɗari ke shiga rami ɗaya kullum, ba ya dawowa hannu rabbana. Yakan taho da tsaraba, bairos ɗin nan mai ɓoye folda ya ajiye inuwarta mai 'yar kibiya a gindi. Ka buɗe ka ga ba foldar hotuna ta DCIM, ba komai, amma in ka duba sai ka ga wurin da hotuna suka ci yana nan a ciye. Suna nan, lulluɓe su aka yi. Yaron shago da ya san aikinsa zai sa a nuna ɓoyayyun fayiloli, ko ya rubuta umarnin attrib layi guda su bayyana. Wanda bai sani ba zai ce, "Oga, wannan sai fomat."

Kada kuma a ɗauka don yana da kawaici ba shi da zuciya. Ba ya ɗaukar raini. Ka ga 'yar jar fitilar kyamara tana ƙyaftawa, yana cikin rubutu ke nan. Ka fizge shi a lokacin, ko batir ya mutu a tsakiyar bidiyo, ko ka zare shi daga kwamfuta ba ka sallame shi ba, sai ya yage shafin littafin ya yi zamansa. Ka jefa shi aljihu tare da goro da makullin babur, ƙurar hunturu ta bi haƙoransa, ka bar shi a gaban mota rana ta dafa shi, ba zai yi maka ƙorafi ba. Jira zai yi. Ba ya huce haushinsa a ranar da ka ɗauki hoton akuya don gwaji. Sai ranar hawan Daushe, ko ranar sunan ɗan fari, ko ranar da aka ɗauki hoton ƙarshe na kaka. Yana kuma da yafiya irin ta manya: abin da ke cikinsa ɗigon caji ne da aka tsare a ƙananan ɗakuna, cajin kan yoye a hankali in an daɗe ba a waiwaye shi ba, zafi na ƙara masa sauri. Ka ajiye shi shekaru a akwati a matsayin kundin tarihin gida, yana iya yafe wa kowa, ya manta da komai. Tsohon fim ba shi da wannan halin. Nagetif ɗin bikin iyayenmu har yau ka ɗaga shi a rana sai ya faɗi duk wanda ya halarta. Bakinsa ba ya shiru.

Kowane babba da mahassadansa, na memori kuma sun tsara yadda za su sa shi magana dole. Farkon makircinsu shi ne kada a danna fomat, kada kuma a ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a kansa. Sukan tura makullin nan ƙasa, su mayar da shi cikin kyamarar da ta rubuta shi. In ta nuna hotuna, sai su haɗa ta da kwamfuta ta igiya su kwashe ta bayan gida, ba tare da an bi ta kan kad-rida ba. In ba ta nuna ba, su sauya kad-rida, su sauya adafta, su sauya rami, su je kwamfutar maƙwabci, su goge haƙoran da ƙyalle mai laushi. Abin takaici, sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, a gano adaftar 'yan kuɗi kaɗan ce ta tsage. Wani lokaci kuma su leƙa Disk Management na Windows su tarar da shi zaune lafiya, harafi kawai Windows ba ta ba shi ba, su ba shi E ko F ya fito.

In ya kafe, sai su kira ɗan Faransa. Christophe Grenier ya rubuta wata manhaja, PhotoRec, ya kuma bayar kyauta, ka ji rashin ta-ido. Ita ba ruwanta da littafi, sito take shiga ta bi lungu-lungu tana shinshina kan kowane buhu. Masu taka-tsantsan cikinsu sukan fara kwafe katin gaba ɗaya zuwa kwamfuta su yi aikin a kan kwafin, kuma abin da aka tono ba sa mayar da shi cikin katin, wani wuri suke zubawa. Amma ko a nan ma'ajinmu ba ya faɗuwa ƙasa banza. Yakan sako hotunan ba suna ba tsari, lambobi kawai, a cakuɗe da duk abin da aka taɓa ba shi wanda ba a taka ba: amaryar bana kusa da amaryar bara, walimar sauka a tsakiyar taron siyasa, da hotunan da wani ya goge yana zaton sun tafi har abada. Wanda kuma ya yi gaggawa ya sa chkdsk ta Windows ta gyara masa, yana iya samun folda mai suna FOUND.000 cike da gutsattsarin da ba su da kai ba su da gindi. In kuwa kwamfuta ko girmansa ba ta gani, ko kuma yana zafi a hannu, to ya yi shirun da ba na wasa ba. Sai ɗakin ƙwararru masu fasa kati su karanta ƙwayar kai tsaye, da kuɗin da kan iya haura abin da aka biya mai hoton. Ƙaramin nan na waya ma a dunƙule aka zuba shi, ba abin da za a ɓalle, sai dai a kankare bayansa a bi da allurai.

Babbar alamar shugabanci ita ce laifi ba ya isowa gare ka, kuma a nan memori ya gama da kowa. Hajiya uwar amarya ba ta san shi ba, mai hoto ta sani.

"Ɗan nan, ina hotunan namu? Dangin ango sun dame ni."

"Hajiya, wallahi memori ne ya ƙi buɗewa."

"Wane ne kuma Memori? Yaronka ne? Kira min shi."

Ba ya kiruwa, Hajiya. Mai hoto ne zai mayar da kuɗi, shi zai bi ƙawayen amarya yana roƙon abin da suka ɗauka da waya, shi za a riƙa nunawa da baki a unguwa. Kamfanonin kuma akwai adalci: in katinka na gaskiya ne, da shaidar saye, garantinsa bai ƙare ba, kana iya kai matacce a ba ka sabo fil, babu komai a ciki. Hotuna ba sa cikin alƙawari, an rubuta haka da ƙananan baƙaƙe. Na faranti kuwa, in ka koma tasha ka tarar da mai lemo a wurin.

Shi ya sa nake jin haushin masu cin mutuncinsa da kwafe-kwafe. Wai da an dawo daga aiki a zuba hotuna a kwamfuta, a sake zubawa a wani faifai, a tura wasu intanet, sannan a yi wa katin fomat a cikin kyamarar da zai yi aiki, ba a kwamfuta ba. Wai a raba biki a ƙananan katuna da yawa maimakon babba ɗaya, in wani ya yi fushi a tsira da saura. Wai kati in ya taɓa yin gardama sau ɗaya a yi masa ritaya. Har manyan kyamarori yanzu ana yi musu rami biyu, kowane hoto ya shiga kati biyu lokaci guda, kamar an ce ɗaya ba abin yarda ba ne. Mai hoton namu ma, bayan abin da ya faru, ya bi wannan bidi'a. Ya sayar da babur ya sayi mai rami biyu. Katunan kuwa ya samo su a faranti ɗaya, 256 kowanne, da yake biyu ya ɗauka har ragi aka yi masa.